Ni A Ƙarƙashin Mota, Surukina A Kan Birki

Ni mutum ne mai mantuwa, mutanen gidana shaida ne. Na taɓa neman hulata tun daga hantsi har azahar, na zargi yara, na zargi akuya, ashe tana bisa kaina. Amma akwai wani yini guda wanda ko an jiƙa ƙwaƙwalwata an wanke ta da toka ba zai fita ba. Shi ne yinin da na kwanta rigingine a ƙarƙashin mota cikin rairayin ƙasar Kurfai, surukina yana zaune a kujerar direba, ran matata kuma yana rataye a kan wasu 'yan kalmomi da bakina ya ƙi furtawa.

Lokacin Nasara bai tafi ba tukuna, amma ya fara ɗaure kayansa. Ni kuwa ina samari, ina aikin shofer, wato direba, wajen wani attajiri a Filinge. Motar da nake ja masa ya saye ta ne a hannun wani Bature da ya koma gida, kuma ina kyautata zaton shi ma Baturen gadonta ya yi daga kakansa. Baƙa ce, mai dogon hanci, fitilunta biyu a waje ƙuru-ƙuru kamar idon kwaɗo. Ba ta tashi sai an murɗa mata ƙarfe ta gaba, in ta tashi kuma sai ta yi tarin da zai sa ka ce mata sannu. Idan na taso da ita daga Tabla, mutanen Bankuku suna jin ƙararta su fara kwashe awakinsu daga hanya, su gama, su ci abinci, su yi sallah, sannan in iso. Birkin hannunta ya daɗe da yin ritaya, a jikinsa nake rataye gorar ruwana. Giyarta ta ɗaya kuwa tana da zuciya, in an matsa mata a gangare sai ta yi tsalle ta fita abinta. Duk da haka, in na zauna a cikinta na karkata hula, ko Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, ban ɗauka ya fi ni ba.

To, wannan shofer da ba ya tsoron kowa, akwai mutum guda da in ya hango shi sai ya nemi wurin ɓuya. Surukina ke nan. Dogon tsoho ne, manomi, magana a wurinsa kamar ruwan rijiyar rani, sai an sha wuya ake samun guga guda. Yaran yanzu ba za su gane irin kunyar da muke yi wa surukai a wancan zamani ba. Ba ka haɗa ido da shi, ba ka ci a gabansa, ba ka kama sunansa, ko wani mai irin sunan ka gamu da shi sai ka laƙaba masa wani. In na hango shi a hanya, gonar mutane nake faɗawa. Na taɓa yini a bayan rumbu, kiyashi na cizona, don kawai ya zauna a gaban rumbun yana hira. Shi ma ta gefensa haka ne. Tunda na auri ɗiyarsa bai taɓa duban fuskata ya yi mini magana ba. In yana da saƙo gare ni, sai ya gaya wa bango, ni kuma in ji daga bango. Ƙari a kan haka, matata ita ce 'yar farinsa, wadda al'ada ta hana shi kama sunanta ko nuna ya damu da ita. In an ce masa ba ta da lafiya, sai ya tambayi lafiyar jakinsa.

Da cikinta na fari ya tsufa, aka zo aka tafi da ita gidansu goyon ciki, kamar yadda ake yi. Ƙauyensu yana can bisa tudu, sai ka bar kwarin Dallol ka hau wata hanyar duwatsu wadda jakai suka shata, jakan ma a ranar da suke fushi. Lokacin kaka ne, ana tsakiyar yankan hatsi.

Wata safiya ina wanke mota a ƙofar gidan maigidana, sai ga wani Buzu daga Imanan bisa raƙumi. Ko sauka bai yi ba, ya leƙo daga sama ya ce, "Kai ne mai ƙarhen ga? Wata tsohuwa ta tare ni bisa tudu, ta ce in hwaɗa maka ka taho da shi yanzu. Ta ce yarinya tun jiya take kan gwiwa."

Na san tsohuwar. Kakar matata ce, uwar surukina, ita ce kuma ungozomar ƙauyen. Matar da ta karɓi haihuwar rabin Kurfai, in ta aika a kira mota, abu ya wuce jiƙo da rubutu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai bari na gama bayani ba ya ce in tafi. Karen motata kuwa ya bi babbar mota zuwa kasuwar Baleyara da kaya tun asuba. Haka na fita ni kaɗai.

Ban san yadda na yi tafiyar nan ba. Abin da na riƙe shi ne, ina cikin hawan tudun na ji wani dutse ya daki cikin motar, ƙwas! Na ce a raina, ki yi haƙuri, in mun dawo na duba ki. Na shigo ƙauye da gudu, na hango ƙofar gidan, na hango surukina zaune a gindin darni yana tufkar igiya. Na gyara zama, na ce bari in tsaya nesa cikin ladabi, in taka da ƙafa in ƙarasa. Na taka birki.

Jama'a, kun taɓa taka ruɓaɓɓiyar kabewa cikin duhu? Haka fedar nan ta yi mini. Luɓus, ta tafi har ƙasa ba ta ce komai ba. Na sake takawa, na sake, mota na tafiya abinta kamar an aike ta. Kaji suka watse. Ta bi ta kan turmi, ta kwantar da darnin gidan gaba ɗaya, sannan rairayi ya riƙe ta, hancinta na huci daidai gwiwar tsohon. Ni da nake ɓuya a bayan rumbu don kada ya gan ni, yau ga ni na shigo masa gida da mota.

Bai motsa ba. Bai ko daina tufkar ba. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Motocin zamani ba su sallama."

Na diro na tsuguna can gefe, kaina a ƙasa, na kwararo gaisuwa. Ba zan iya cewa na zo don matata ba, wannan rashin kunya ne da za a yi shekara ana ba da labarinsa. Sai na ce wa ƙasa, "Wucewa nike, na ce bari in biyo in yi gaisuwa."

Shi kuma ya ce wa igiyarsa, "Hanya dai ba ta wuce garin ga ba. Amma Allah shi kai mai wucewa lahiya."

Muna cikin wannan sai ga kaka ta fito. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, in ta tsaya kusa da turmi sai ka rasa wanne ya fi tsawo. Ita kaɗai ce a gidan nake da wasa da ita, mijinta take kirana. Ta dubi darni, ta dube ni, ta ce, "Sannu mijina, da kai da amaryarka. Ƙohwa ta yi muku kaɗan ne?" Sai kuma ta matso ta rage murya, wasan ya bar fuskarta. Ta ce ɗan ya kwanta a gicciye, ta yi iya abin da ta sani, yarinya ta fara gajiya. In ba a kai ta gidan likita a Filinge kafin rana ta faɗi ba, ita ba ta da sauran magana.

Na dubi motar. Hawa tudu ba birki wasa ne, saukarsa ne ba wasa ba. Gangaren nan tsaye yake, a ƙarshensa akwai wata kwana, bayan kwanar kuma kwazazzabo ne wanda in ka jefa dutse sai ka gaji da jira kafin ka ji saukarsa. Ba birkin hannu, giya ba amana. In ɗora mace mai naƙuda a wannan mota haka, gara in bar ta a ɗakin uwarta.

Na tuɓe riga na shiga bincike. Wanda ya koya mini mota ya ce birki in ya yi laushi, tambayarsa ake yi da ƙafa. In ka yi ta takawa ya ɗan taso ya yi tauri, iska ce a ciki. In ka danne ya riƙa zurarewa a hankali, mai ne ke tsiyaya wani wuri. Na tambayi nawa, ya amsa mini duka biyun. Na buɗe ɗan tulun man birki, na tarar ya bushe ƙaf kamar bakin mai azumi. Na bi ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya ina shafawa, har na zo ta baya ta hagu, na ji danshi. Dutsen nan ya fasa siririn bututun da ke kai mata mai. Sabon bututu kuwa sai Yamai. Na ɗauko gatarin da ke jingine a rumbu, na lanƙwashe bututun daga sama da inda ya fashe, na ɗora shi kan dutse na daddake bakinsa har ya liƙe. Ƙafa guda ta rasa birki ke nan, saura uku, kuma uku sun isa in an lallaɓa.

Sai maganar mai. A cikin akwatin kayan aiki ina da wani ɗan gwangwani, na girgiza shi, abin da ke ciki bai kai ya jiƙa wa kyanwa gashin baki sosai ba. Kaka ta leƙa ta ce, "Wanga ɗan abu? In kawo maka man shanu, ina da kwarya guda." Na ce, "Kaka, amaryata 'yar birni ce, ba ta cin man shanu." Ta ce shi ya sa ta rame.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Iskar da ta shiga bututu dole a fitar da ita, kuma wannan aiki ba ya yiwuwa sai da mutum biyu. Ɗaya yana ƙarƙashin mota da kile, wato sifana, yana kwance wata 'yar ƙusa a bayan kowace ƙafa. Ɗaya yana sama a kan feda. Na ƙasa shi ke ba da umarni. Ya ce taka, na sama ya yi ta takawa. Ya ce riƙe, na sama ya danne ya tsaya cak, na ƙasa ya buɗe ƙusa, iska da ɗan mai su fito, ya rufe. Sannan ya ce saki. In na sama ya ɗaga ƙafa alhali ƙusa na buɗe, sai bututun ya zuƙi iska ya mayar ciki, man da ya zuba ya tafi a banza, a koma farko. Aikin ke nan. Taka, riƙe, saki. Ko jaki aka koya wa zai iya, in yana da tsawon ƙafa.

Na duba ƙauye, ba namiji ko ɗaya. Duk sun tafi gayyar yankan hatsi a wata gona mai nisa, har da yaran da suka isa ɗaukar dami. Muka ɗora kaka a kujera, ƙafafunta suka tsaya suna lilo a sama, tsakaninsu da feda tafiyar yini. Surukata tana ɗaki riƙe da ɗiyarta, ita kuwa ko mutuwa zan yi ba zan iya tunkararta ba. Na tsaya da kile a hannu ina zufa, ina duban kowane gefe ban da gefen da tsohon yake.

Sai na ji ya ajiye igiya. Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe riga, ya ce wa sararin Allah, "Ban taɓa zama cikin abin ga ba. Bari in ji yadda inuwarshi take." Ya zo bakin ƙofar mota, ya tuɓe takalmansa ya jera su a waje kamar mai shiga masallaci, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga. Na nuna wa kaka fedar ta tsakiya, kaka ta nuna masa. Na zuba mai kaɗan a tulu, na rarrafa ƙarƙashi.

Na kwanta, na kafa kile a kan ƙusa, na buɗe baki in ce taka. Wallahi kalmar ta ƙi fita. Ni in ce wa surukina taka? Kamar ina kora jaki? Sai na yi dabara, na yi wa motar magana. Na ce, "Kai, motar ga, da za ta samu wani bawan Allah da zai ɗan taɓa ta da ƙahwa, da ta ji daɗi."

Aka taka. Aka sake takawa. Na ce madalla, dabara ta ci. Na buɗe ƙusa, iska ta fara fita tana tsit-tsit, na fara jero na biyun: "To da a ce wanda ya taimaka, in babu takura, in kuma bai gaji ba, zai ɗan daure ya dakata a inda..." Kafin in iso ga inda, an ɗaga ƙafa. Na ji bututun ya yi fuuut, ya zuƙe iskarsa ya mayar, kamar yaron da aka ce ya fyace majina. Man da ya fito ya nutse cikin rairayi ina kallo.

Muka sake, na gajarta ladabin, duk da haka ƙafar ta riga ni. Daga sama na ji tsohon yana gaya wa sitiyari, "Mai magana da ƙasa shike yi. Ƙasa ko ba ta da ƙahwa."

Kaka ta ga abin ba zai kai mu ko'ina ba. Ta ce, "Ku biyun ga, in an bar ku, sai ɗan ya yi haƙora a ciki. Mijina, hwaɗa mini, ni in hwaɗa mishi. Ni na haihe shi, ba ni jin kunyatai." Ta tsaya a tsakaninmu ta kama ƙugu, ta zama tafinta kamar na ofishin Kumandan. Kuma kamar tafintan Kumandan, abin da aka ba ta daban, abin da take isarwa daban.

Na ce, "Kaka, a taka."

Ta ce, "Kai dogo, taka! Taka kamar ka ci tuwo! Haka ubanka ke taka huɗa? Allah shi jiƙan maza!"

Tsohon ya shiga narkar feda har motar na rawa, ƙasa na zubo mini a ido. Na ce, "A riƙe!" Ta ce, "Tsaya nan! In ka motsa sai na tuna maka ranar da ɗan maraƙi ya kore ka har cikin ɗakina." Mutumin da duk ƙauye ke sunkuyar wa da kai, ga shi ana tone masa asirin ƙuruciya a gaban surukinsa. Na cusa hula a baki don kada dariya ta fito. Amma aiki ya yi, ƙafar baya ta dama ta fitar da iskarta tas, mai ya fito santal ba kumfa. Na ƙara ɗan mai a tulu, muka koma ta gaba.

Ina cikin buɗe ƙusa ta biyu, sai aka kwaɗa kira daga cikin gida, "Inna! Inna, taho!" Kaka ta ruga. A daidai lokacin kuma na ji muryar matata. Ku sani, matan ƙasarmu ba sa kuka a kan gwiwa, abin gori ne har jikoki. Tun jiya yarinyar nan take fama ba wanda ya ji ko tarinta. To yanzu wani sauti ya kuɓuce mata, ɗan gajere, ba mai ƙarfi ba, irin na wanda ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Tsohon ya zabura, ƙafarsa ta ɗaga. Fuuut.

Na rufe ƙusa na fito. Na girgiza gwangwani, sai ɗan abin da ya kwanta a gindi. Na juye shi duka a tulu, na bubbuga gindinsa, na lakace bakin da yatsa. Daga wannan babu wani. Rana ta karkata. Na koma ƙarƙashi, dariyar ɗazu duk ta gudu.

A daben motar, kusa da feda, akwai wata ɓula da tsatsa ta ci. Ta nan na hango diddigen tsohon, mai faso kamar ƙasar fadama da rani. Rawa yake yi. Ba rawar gajiya ba. Mutumin nan da bai taɓa kama sunan ɗiyarsa ba, wanda ya zauna yana tufkar igiya kamar ba abin da ke faruwa a gidansa, ashe tun jiya igiyar yake murɗawa don kada a ga halin da yake ciki. Ni a ƙasa ina mutuwa don ita, shi a sama yana mutuwa don ita, kuma mun haɗu mu biyu muna neman kashe ta da ladabi.

Na ce a hankali, "A taka." Aka taka. Na buɗe ƙusa. Ta ɓular nan na ga diddigen ya fara ɗagowa.

Ban san lokacin da abin ya fito ba. "Riƙe! Riƙe na ce maka, tsoho! In ka ɗaga ƙahwar ga sai na ɗaure ta da igiyar taka!"

Zabin ƙauyen duka suka tashi sama. Jakin maƙwabta ya tsinke tirke. Daga baya wani ya rantse mini an ji tsawar a Tabla, har wata mata ta saki tulu. Diddigen kuwa ya koma ƙasa ya kafe kamar an dasa shi.

Daga nan ban ƙara sanin wa ke sama ba. Na zama sarjan, shi ya zama sabon soja. Taka! Riƙe! Saki! Taka, da ƙarhi! Riƙe! Yana bi tiryan-tiryan, ko numfashi ba ya yi sai na ce. Ƙafa ta biyu ta fitar da kumfarta, na mirgina zuwa ta uku, ita ma ta yi tsit-tsit ta kawo mai wankakke. Na ɗaure ƙusa ta ƙarshe tamau.

Sai hankalina ya dawo gida. Na tuna abin da na ce, da wanda na ce wa. Tsoho. Igiya. Na kwanta shiru ina roƙon rairayin nan ya buɗe ya haɗiye ni, ko motar ta yi mini rai ta faɗo a kaina. Na yanke shawara a nan zan zauna har abada, a riƙa turo mini fura ta ƙarƙashi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, sai na ji gyaran murya daga sama.

"Yaro."

Ba bango ya kira ba, ba sitiyari ba. Ni ya kira. Na ce, "Na'am, Baba."

"In saki, ko nan za a bizne ni?"

Ashe kunya ta sa na manta ban ba shi umarnin ƙarshe ba, bawan Allah yana nan danne da feda, jijiyoyin ƙafarsa sun tashi kamar saiwar gawo. Na ce da wata 'yar murya kamar ta sauro, "A saki."

Na shiga na gwada birki. Ya tsaya a sama, da tauri, kamar na taka dutse. Aka fito da matata a tabarma aka kwantar da ita a baya, kanta a cinyar kaka. Na murɗa mota ta tashi. Sai na ga tsohon ya ɗauki takalmansa, ya zagayo ya zauna a gaba kusa da ni, ya juya fuska waje, ya ce wa taga, "Gishiri ya ƙare gidan ga. Bari in bi mai wucewa in sawo."

Muka kama gangare. Na sa giya ta ɗaya na riƙe ta da hannu ina lallashi. Birki na kamawa, amma da yake ƙafa uku ne, sai motar ta riƙa fizga gefe guda kamar doki mai ciwon baki, ina ta kokawa da sitiyari. Rabin gangaren, giya ta yi halinta, ta yi tsalle ta fita. Mota ta saki jiki ta nufi kwana, kwazazzabo ya buɗe baki a gabanmu. Na tattara duk nauyin da Allah ya ba ni na ɗora a kan feda. Ta gefen ido na ga ƙafar tsohon ita ma ta danne daben motar ta wajensa, inda babu feda babu komai, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Riƙe. Riƙe. Riƙe." Birki ya riƙe. Tayoyi suka yi kuka a kan tsakuwa, muka sha kwanar a hankali kamar amarya na shiga ɗaki. Kaka ta ce daga baya, "Mijina, in mun isa, saki nike so."

Muka isa Filinge ana kiran la'asar. Ungozomar gidan likita da wani malamin asibiti suka karɓe ta suka rufe ƙofa. Tsohon ya je gindin wata bishiyar bedi ya zauna ya ba ƙofar baya. Ni na zauna a gindin wata, na ba shi baya. Kafin magariba muka ji kukan jariri, kaka ta fito tana guɗa da 'yar muryarta, ta ce mace ce, uwa kuma ta sha wuya amma tana nan da ranta. Na saci kallon tsohon. Ya goge fuska da hannun riga ya ce wa bedi, "Garin ga akwai ƙura."

Bayan suna, abin ya dawo ya tsaya mini a rai. Mutum ya daka wa surukinsa tsawa, ya kira shi tsoho a cikin gidansa, ai ko an ce ya sako 'yar mutane ba a zalunce shi ba. Na sami ƙanen mahaifina na gaya masa komai. Ya riƙe baki, ya ce tunda yake bai taɓa jin irin wannan ba. Ya ɗauki goro ya hau tudu ba da haƙuri, ni kuma na zauna ina jiran hukunci, ko abinci ba na iya ci, ni da ba a taɓa jin na bar tuwo a kwano ba.

Da ya dawo na tare shi tun daga bakin gari. Ya ce tsohon ya saurare shi har ya gama, ya karɓi goro ya fasa, ya ce, "Tsawa? Wa ya yi tsawa? Ni dai na ji mota na ƙara. Motocin ga haka suke."

Shi ke nan. Har Allah ya karɓi ransa bai ƙara yi mini magana kai tsaye ba, ni ma na koma faɗawa gonakin mutane in na hango shi. Kunyarmu ta dawo inda take, ba ta rage ko ƙwaya ba.

Yau ni ma ina da surukai, suna ɓuya a bayan motoci in sun hango ni, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana yi mini daɗi. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma yinin nan ya koya mini cewa akwai ranar da rai ke bakin gangare, kuma a ranar, maganar da za ta cece shi gajeriya ce, a faɗe ta da ƙarfi a kan lokacinta, ko wa ke zaune a sama. Ya kuma koya mini wani abu da ya fi wannan wuya, wanda sai da furfura ta fito mini na gane shi sosai. Yaro yana iya yin tsawa in wuya ta kai wuya. Amma sai babba ne ke jin tsawar da kunnensa biyu, ya bi ta, sannan ya ce shi bai ji komai ba.